Wata Ukun Farko na Ciki a Legas: Abin da Za Ki Yi Daga Ranar da Kika Yi Ɓatan Wata

Tun da na fara raka matan layinmu asibiti a nan Agege, saboda ɗan Yarbancin da nake ji, tambaya ɗaya ce take ta dawo mini: "Anti, na yi ɓatan wata, da me zan fara?" Yawancin masu tambayar amare ne da aka kawo daga Arewa. Uwa tana Kano ko Sakkwato, uwar miji tana Katsina, maigida kuma ya fita kasuwar Mile 12 tun asuba, sai dare. A gida akwai tsohuwar da za ta dubi idonki kawai ta gane halin da ake ciki, ta fara sa miki ido. Nan kuwa daga ke sai ɗakinki da wayarki.

Mun saba mace ta ɓoye ciki sai ya fito, musamman na fari, sannan ta je awo a wata biyar ko shida. Kunyar ba laifi ba ce, ki ɓoye wa maƙwabta da dangin miji yadda kike so. Malamar asibiti ce kaɗai ba a ɓoye wa, domin a cikin waɗannan makonni sha biyu da ba kowa ya sani ba ake gina zuciyar yaro da ƙwaƙwalwarsa da lakarsa. Ga yadda za ki bi su ɗaya bayan ɗaya.

1. Ki tabbatar da cikin

Ki aika a sayo miki tsinken gwajin ciki a kemis. Yana cikin abubuwa mafi araha a shagon, don haka a sayo biyu. Ki bari ranar da kike sa ran al'ada ta wuce, sannan ki yi gwajin da fitsarin farko na safe, shi ne ya fi kauri. Ki tsoma tsinken iya layin da aka zana, ki ajiye shi a kwance, ki duba cikin mintunan da aka rubuta a jikin leda. Layi biyu ciki ne, ko da na biyun ya fito dishi-dishi. Layi ɗaya, kuma al'ada ba ta zo ba, ki sake da tsinke na biyu bayan mako guda.

Hattara: kada ki koma ki ɗauko tsinken da kika jefar tun safe ki ce kin ga layi ya fito da yamma. Wannan layin bushewa ne, ba a aiki da shi. Kuma kada ki sha komai da sunan "wankin ciki" ko "sauko da al'ada" kafin ki yi gwaji. Da yawa sun sha irin wannan suna zaton sanyi ne ya riƙe musu jini, alhali ciki ne.

2. Ki rubuta ranar al'adarki ta ƙarshe

Wannan shi ne abu na farko da za a tambaye ki a wurin awo, kuma a nan ne matanmu suka fi yin shiru. Ranar da jinin ya fara zuwa ake nema, ba ranar da kika yi wanka ba. Idan da watan Musulunci kike lissafi, ki duba kalandar waya ki mayar da ita ta Bature, ki rubuta a takarda.

Daga wannan ranar asibiti take ƙirga ciki, mako 40, wato kwana 280. Shi ya sa ranar da kika lura kin yi ɓatan wata, a lissafinsu cikinki ya riga ya kai mako huɗu. Idan kina son sanin lokacin haihuwa, ki ƙara kwana bakwai a kan ranar, sannan ki ƙara wata tara. Wadda al'adarta ta fara ranar 10 ga Maris, za a rubuta mata 17 ga Disamba. Kintace ne, 'yan kaɗan ne suke haihuwa a ainihin ranar.

Mai shayarwa da ta yi kwanika ba tare da ta ga jini ba, da wadda al'adarta ba ta da tsari, ba su da ranar da za su bayar. Su sai hoton ciki ya yi musu lissafi, sai su duba mataki na shida. Af, kuma mai kwanika kada ta fizge yaro daga nono a dare ɗaya saboda an ce nonon ya lalace. Bai lalace ba. Ta ƙara cin abinci, ta faɗa wa malamar awo, a tsara yaye a hankali.

3. Ki fara shan folik asid yau

Kada ki jira ranar awo. Folik asid ƙaramar ƙwaya ce mai araha, kowane kemis yana da ita, ana shan ɗaya kullum. Adadin da ake so ga yawancin mata shi ne maikurogiram 400. Dalilin gaggawar shi ne, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne wajen mako na shida, wato mako biyu kacal bayan kin yi ɓatan wata. Idan bai rufe daidai ba, shi ne ake haifar yaro da ƙari ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya. Wadda ta fara sha a wata biyar ta samu amfanin ƙarin jini, amma wancan aikin ya riga ya wuce ta. Mai neman haihuwa ma gara ta fara tun kafin cikin ya shiga.

Hattara: akwai babbar ƙwaya mai miligiram 5, kuma ita ce wasu kemis suke miƙowa idan ba ki yi bayani ba. Likita yana rubuta ta ga mai sikila, mai ciwon suga, mai shan maganin farfaɗiya, ko wadda ta taɓa haifar yaro mai matsalar laka. Idan ita kike sha, ki nuna wa malamar awo, domin tana rage ƙarfin Fansidar, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da za a fara ba ki nan gaba.

4. Ki zaɓi asibiti, ki yanki kati kafin mako 12

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2016, ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas: na farko kafin mako 12 ya cika, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Zuwan farko shi ne wanda muke tsallakewa, kuma shi ya fi sauran aiki.

A Legas zaɓin asibiti lissafin hanya ne kafin komai. Kada ki ɗauki wadda sai kin haye gadar Third Mainland kafin ki isa, domin ranar da jini ya ɓalle da ƙarfe shida na yamma, cunkoso ba ya jin magiya. Idan lafiyarki ƙalau, ƙaramar asibitin gwamnati ta unguwarku ta wadatar, kuma ita ce mafi sauƙin kuɗi. Idan kuwa an taɓa yi miki tiyatar haihuwa, ko kin yi ɓari sau biyu ko fiye, ko kina da hawan jini, suga ko sikila, ko shekarunki ba su kai 18 ba ko sun haura 35, ki nufi babbar asibiti tun farko. 'Yan Agege suna da ta Orile-Agege da ta Ifako-Ijaiye, 'yan Ketu da Mile 12 suna iya zuwa Gbagada, 'yan Obalende ga Island Maternity kusa da su. Asibitocin koyarwa na jami'a kuma, LUTH tana nan a Idi-Araba, LASUTH a Ikeja, can ne ake tura mai matsala mai nauyi.

Kuɗin da za ki kashe kashi huɗu ne: kati, gwaje-gwaje, hoton ciki, da magunguna. Farashi yana canzawa kusan kowane wata, don haka maigida ya leƙa tun kafin ranar, ya ce a rubuta masa jerin abin da ake biya. Gwajin HIV da allurar tetanus a asibitin gwamnati galibi kyauta ne. Ya kuma tambayi teburin Ilera Eko, wato inshorar lafiya ta jihar Legas, ya ji nawa ake biya da kuma yaushe take fara aiki bayan rajista. Idan za a shiga, yanzu ne lokacin, ba ranar naƙuda ba. Duk abin da kuka biya ku karɓi rasit.

Ranar zuwa ki yi sammako, ki karya kumallo, ki riƙe ruwa da ɗan abin taɓawa, domin layin awo yakan kai azahar. Ki zuba duk magungunan da kike sha a leda ki tafi da su, har na gargajiya. Idan ba kya jin Turanci ko buroka ko Yarbanci, ki tafi da mace mai ji wadda kika yarda da bakinta. Na sha ganin mace tana gyaɗa kai ga duk abin da nas ta faɗa, mu fito ƙofa ta ce mini, "Anti, me ta ce?"

Hattara: kada ki rage adadin cikin da kika taɓa yi. Ɓari ciki ne, wanda ya zo babu rai ma ciki ne, duk a faɗa. A kan wannan tarihin ake yanke shawarar irin kulawar da za a ba ki.

5. Gwaje-gwajen zuwan farko

Za a auna nauyinki da hawan jini, a ɗebi jini da fitsari. Ki san abin da ake nema, don kada a ba ki takarda ki cusa a jaka.

PCV shi ne yawan jini. Ƙasa da 33 ga mai ciki ƙarancin jini ne. Hawan jini idan ya kai 140 bisa 90, magana ce ta likita. Fitsari ana duba suga da furotin da ƙwayoyin cuta a cikinsa, domin ciwon mafitsara yakan zauna wa mai ciki shiru ba zafi, sai ya haura ƙoda. Sai HIV, ciwon hanta nau'in B, da tunjere. Waɗannan ukun duk suna iya kama yaro, kuma duk akwai abin da ake yi a kare shi idan an gano da wuri. Kada tsoron sakamako ya sa ki ce a tsallake.

Rukunin jini kuma, ki tambaya a fili: "Nawa fozitib ne ko negetib?" Idan negetib ne, ki haddace shi kamar sunanki. Mace mai jini negetib da ke ɗauke da yaro mai fozitib, jikinta yana iya ƙera abin da zai yaƙi jinin 'ya'yan da za ta haifa nan gaba. Akwai allurar anti-D da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa, haka nan bayan ɓari ko zubar jini idan likita ya ga da bukata. Tana da tsada, shi ya sa ake fara tara kuɗinta tun yanzu.

Jinotayif ma, wato gwajin da ke nuna ko mutum yana ɗauke da sikila, a duba naki da na maigida, idan ba a yi kafin aure ba. AS da AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila.

Idan kuɗi bai kai a yi duka rana ɗaya ba, ki faɗa wa nas gaskiya ta jera miki na gaba-gaba. Abin da ba na so shi ne mace ta ji jimilla ta tsorata, ta tafi ba ta dawo ba.

Maganar jinin da ake cewa miji ya bayar: a 2020 wata babbar kotun jihar Legas ta yanke cewa ba a tilasta wa miji ba da jini a matsayin sharaɗin karɓar matarsa awo. Wannan haƙƙinku ne ku sani. Amma ni dai shawarata ga maigida, idan yana da lafiya ya bayar don kansa. Jinin da ake ɗaura wa mai haihuwa da tsakar dare, wani ne ya bayar da rana.

6. Hoton ciki

Sikanin na farko ya fi amfani tsakanin mako 8 da 13. A lokacin ne awon tsawon ɗan tayi yake ba da makonnin ciki daidai, a ga yana cikin mahaifa, a ga bugun zuciya, a ga ko tagwaye ne. Za a ce ki sha ruwa ki riƙe fitsari, ki yi haƙuri da hakan.

Ga abin da ke faruwa a ciki. A mako na 6 bai wuce ƙwayar shinkafa ba, amma zuciya ta fara bugawa. A mako na 8 ya kai ƙwayar wake babba, hannuwa da ƙafafu sun tsiro. A mako na 10 ya yi kamar dabino, yatsu sun rarrabu. A mako na 12 ya kai girman lemun tsami, wajen santimita biyar zuwa shida, gaɓoɓinsa duk sun samu, ƙoda ta fara aiki, yana motsi ko da yake ba za ki ji ba. Mai cikin fari takan fara jin motsi ne wajen mako 18 zuwa 20, don haka kada hankalinki ya tashi a wata uku.

Hattara: idan kika yi gaggawar zuwa a mako biyar, ana iya cewa ba a ga komai ba, ki kwana kina kuka a banza. A sake bayan mako ɗaya ko biyu. Kuma kada ki ɓata kuɗi kina tambayar mace ne ko namiji a wannan lokaci, bai nuna ba tukuna.

7. Laulayi da abinci

Laulayi yakan fara wajen mako na shida, ya yi tsanani wajen na tara, ya sassauta bayan wata uku zuwa huɗu. Ciki wayam shi ne babban abokin tashin zuciya. Ki ajiye biskit ko busasshen burodi kusa da gado, ki ci kafin ki sauko. Ki ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida maimakon tuwo malmala uku a zama ɗaya. Ruwa ki riƙa kurɓa tsakanin abinci. Citta a ruwan ɗumi tana taimaka wa wasu. Idan ƙaurin suya ne yake tayar miki, a gidan haya mai kicin ɗaya ba yadda za ki yi da girkin maƙwabta, sai dai ki canza lokacin naki.

Abinci ba sai mai tsada ba. Wake, ƙwai dafaffe sosai, kifi, gyaɗa, alayyafo, zogale, ugu, da ewedu, wanda ba komai ba ne illa lalonmu na gida. Lemu, gwanda nunanna da ayaba. Nama ya dahu har ciki, tsire ma a sa mai nama ya ƙara gasawa. Nonon da ba a tafasa madararsa ba ki bar shi, fura ki dama da yogot na kamfani. Hanta kada ta zama abincin kullum, sinadarin bitamin A ya yi yawa a cikinta. Goro, kofi da baƙin shayi a rage sosai. Farar ƙasa da ake kwaɗayi kuwa ki bar ta gaba ɗaya, an sha samun dalma a cikinta, kuma yawan sha'awarta alama ce ta ƙarancin jini, sai ki faɗa a wurin awo.

Maganin ƙarin jini da za a ba ki yana sa bayan gida ya yi baƙi, wani lokaci ya yi tauri. Ba matsala ba ce. Ki sha shi da ruwan lemun zaƙi ko ruwa, kada ki haɗa da shayi ko madara, suna hana jiki ɗaukarsa. Idan yana tayar miki da zuciya, ki mayar da shi dare. Zancen cewa yana sa yaro ya yi ƙato har haihuwa ta gagara ba shi da tushe, ƙarancin jinin ne yake kashe mata a wurin haihuwa.

Idan azumi ya same ki cikin laulayi, addini ya ba ki sauƙi. Wadda take amai, ko jininta ya yi ƙasa, ko take da suga, ta ajiye, ta tambayi malami yadda za ta rama.

Hattara: idan kika yini kika kwana ko ruwa ba ya zama, fitsari ya ragu ya yi ja, jiri yana ɗibarki, wannan ya wuce laulayin haƙuri. Ƙarin ruwa kike bukata a asibiti.

8. Abin da ba za ki sha ba

Kowane mai kemis, kowane likita, har mai cire haƙori, ki fara gaya masa kina da ciki kafin ya rubuta komai. Ciwon kai ko ciwon jiki, farasitamol bisa ƙa'ida. Ibufurofen, diklofenak, da haɗe-haɗen ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna, ki bar su. Kafso ja da rawaya ma haka. Agbo da ake yawo da shi a robobi, tsimi, kayan mata, matsi, da duk wani jiƙo da ba a san abin da ke ciki ba, a jingine. Man bilicin ma ki daina shafawa, wasu suna ɗauke da sinadarin makuri mai ratsa fata ya kai ga yaro.

Mai shan maganin hawan jini, farfaɗiya, suga, asma ko HIV kuma kada ta daina da kanta. Ta je a cikin makon nan a duba, wasu ana canza su, wasu ana barin su.

A ɗaki, janareta ya yi nesa da taga, kada a kwana da gawayi a rufe. Idan an fesa fiya-fiya, ki fita sai warin ya tafi. Mai shan sigari ya sha a waje.

9. Sauro da allura

Legas gari ne na ruwa da kwatami, sauro ba ya hutu. Ki fara kwana cikin gidan sauro mai magani daga daren yau, ko da zafi. Fansidar ta rigakafi ba a fara ta sai ciki ya shiga mako na 13, daga nan ana ba da ita wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Kada ki saya ki sha a wata biyu don kin ga maƙwabciya tana sha. Idan zazzaɓi ya kama ki, a yi gwaji a ranar, likita ya zaɓi maganin. Zafin jiki mai tsanani shi kansa yana iya jawo ɓari.

Allurar tetanus za a yi miki ta farko a wurin awo, ta biyu bayan mako huɗu. Ki tabbata an rubuta ranakun a kati, domin guda biyar ake so a rayuwar mace, kuma ana ci gaba ne daga inda aka tsaya.

10. Alamomin da ba a jira gari ya waye

Jini, ko kaɗan ne, a je a duba a ranar. Idan yana zuba har yana jiƙa audugar mata cikin awa guda, ko da gudaji, a tafi nan take. Ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, musamman da jiri, suma, ko ciwo a saman kafaɗa, yana iya zama ciki ne ya zauna a bututun ƙwai, a wajen mahaifa. Wannan yana fashewa, jini ya zuba a cikin ciki ba a gani, kuma yana kisa cikin awoyi. Kada a tsaya shafa man zafi. Sauran su ne zazzaɓi mai zafi, fitsari mai raɗaɗi da ciwon kwiɓi, da ruwa mai wari.

Maigida, wannan naka ne. Tun yau ka san wa zai ɗauke ta da ƙarfe biyun dare: ka ajiye lambar mai Keke ko mai mota biyu a unguwa, domin tun 2022 an hana acaɓa a wurare irin su Ikeja, Surulere, Apapa da Mushin, kuma mai zubar jini ba a ɗora ta a babur dama. Lambobin gaggawa na Legas 112 da 767 ne. Ka bar mata kuɗi a ɗaki da izinin fita asibiti ko ba ka nan, kada ta zauna tana jiran wayarka ta shiga.

Idan ɓari ya faru, yawancinsa a waɗannan makonnin yake faruwa, kuma galibi daga yadda halittar ta haɗu ne tun farko, ba don kin ɗauki bokiti ko kin hau danfo ba. Duk da haka a je asibiti a tabbatar mahaifa ta fita tas, mai jini negetib kuma ta tuna musu da allurarta.

11. Idan a gida za ki haihu

Da yawanmu Arewa muke komawa goyon ciki. Wannan ba dalili ba ne na ƙin yin awo a nan, a ce sai an je gida. Ki yi a Legas, ki tafi da katinki da duk takardun gwaji da na sikanin, ki kuma ɗauki hotonsu a waya saboda jaka tana ɓata a tasha. Tafiyar ta fi sauƙi bayan laulayi ya lafa, kafin ciki ya yi nauyi, wato tsakanin wata huɗu da shida. Ki nemi kujerar gefen hanya, duk inda mota ta tsaya ki sauka ki taka ƙafa, kuma kada ki ƙi shan ruwa don gudun fitsari. Kafin ki tashi ki sa nas ta rubuta miki ranar Fansidar ta gaba da ta allura ta biyu a bayan kati, a makon da kika sauka ki kai shi asibitin garinku su ɗora daga nan.